Ranar da Baba Agali Ya Ci Tuwo da Hagu

Har yau ban manta da ranar da Baba Agali ya ci tuwo da hagu ba. Lokacin shekarata biyu da fara aikin jinya a wata ƙaramar likita a Dakoro, ƙarƙashin majo, wato babban ma'aikacin jinyarmu.

Baba Agali tsohon makiyayi ne daga wajen Azagor, gigin tsufa ya kama shi. Gyambon ƙafa ya sa muka kwantar da shi, ɗiyarsa Fatimata na jinyarsa. Kullum da la'asar sai ya miƙe, wai zai shayar da raƙuman da aka daɗe da sayarwa. Wata Laraba santsi ya kwashe shi a bakin famfo, kansa ya bugi siminti. Ɗan ƙulu ne kawai ya fito. Na wanke wurin, na auna jininsa, na rubuta cikin kaye, littafin aikinmu.

Ƙa'idar aiki ita ce, wanda ya bugu a ka a riƙa duba shi a kai a kai: idanunsa, maganarsa, ƙarfin hannuwansa. Na yi na yini ɗaya, na bari. Mutumin da bai san sunan ɗiyarsa ba, me zan tambaye shi? Da ya daina tashi, sai barci, har daɗi na ji, na ce mun huta.

Rana ta huɗu Fatimata ta tare ni. "Malama, taho ki gani. Baba da hagu shike cin tuwo."

Na ce, "Ai ruɗewar ce."

"A'a. Ya mance ni, ya mance garinmu, amma bai taɓa kai hagu baki ba."

Na miƙa masa yatsuna ya matsa. Hannunsa na dama ya saki sakwaf. Na haska idanunsa, baƙin idon hagu ya fi girma. Na ruga wurin majo.

"Yaushe ya faɗi?"

"Kwana huɗu ke nan."

Majo ya kira ambilans.

A Maraɗi hoto ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansa. Aka yi masa aiki, ya rayu, amma hannun bai koma daidai ba.

Ku sabbin shiga aikin jinya, tsoho mai gigi ba zai ce maku kansa na ciwo ba. In ya faɗi, sannan ya yi shiru, kada ku ɗauka sauƙi ne. Ku tambayi mai jinyarsa abin da ya sake. Ni takardar makaranta gare ni, amma Fatimata ce ta san mara lafiyar.