Rijiya ta Shida

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da aka sauko mana da keken Yaya Isuhu daga kan wata babbar mota a unguwarmu Adjamé, cikin birnin Abidjan, babu mai shi. Tantinsa na ɗaure a baya, jarkoki biyu na rataye a gefe, babu ko ɗigon ruwa a ciki. Shi kuwa makiyaya sun riga sun binne shi can arewa da Tawa, a ƙasar Nijar, wurin da har yau babu ɗayanmu da ya taka.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gyaran keke yake yi a bakin kasuwar Roxy, cikin hayaniyar motoci, hannu kullum baƙi ƙirin da man kaca. In ya tara gajiya, hutunsa shi ne ya ɗaura tanti a bayan keke ya kama hanya, yau Yamoussoukro, wata shekarar Korhogo, ya kwana duk inda rana ta faɗi masa. Ina cikin masu tsokanarsa. Nakan ce masa ga mota Allah ya kawo, kai ka zaɓi wahala da ƙafarka. Sai ya yi dariya ya ce wanda ke cikin mota ai kaya ne, ba matafiyi ba.

Babanmu ne ya shuka masa wannan buri bai sani ba. Kafin ya zo Abidjan, ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin raƙuma. In an ci abinci an natsu, yakan jero mana rijiyoyi bakwai da ke tsakanin Tawa da ƙauyensu: sunan kowace, tafiyar kwana nawa, da alamar da ake gane ta. Bayan kowace rijiya kuma sai ya ƙara magana guda, ba ta canzawa: "In ka isa, ka sauke kaya, ka sha shayi da mutanen wurin, ka tambaye su ta gaba." Sau bakwai yake faɗa. Mu kuwa muna ƙunshe dariya.

Da ciwon Baba ya yi tsanani, Yaya ya ce in rubuta rijiyoyin, tunda ni ne na yi makarantar boko. Na sayi sabon littafi, na ja layi da rula tsaf: suna, kwanaki, alama. Maganar shayi da tambaya ba ta da gurbi a cikin layukana. Na ɗauke ta maimaicin tsufa, na tsallake ta. Har alfahari na yi da kyan aikina.

Yaya ya ji maganar nan sau ɗari kamar yadda na ji ta. Amma mutum ne da bai yi karatu ba, yana girmama takarda fiye da kunnensa. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsa hira ce. Ga shi kuma yana jin kunyar Hausarsa. Haihuwar Adjamé ne, in ya buɗe baki Faransanci da Jula ke rige-rigen fitowa, 'yan'uwan da ke zuwa daga gida sun sha yi masa dariya. Don haka a gaban mutanen can, gaisuwa kawai yake yi ya ja bakinsa.

Shekara biyu bayan rasuwar Baba ya tashi, ya ce sai ya ga ƙauyen da ubansa ya mutu yana ambato. Ya bar matarsa Hajara da 'yarsu Balkisa mai shekara tara. Makonni yana kiranmu daga gari zuwa gari. Kiran ƙarshe daga Tawa ne.

"Habu, ça va aller, komai zai tafi daidai," in ji shi. "Littafinka na aljihuna. Bakwai ne kawai, in sha Allah."

Sauran labarin daga bakin makiyayan muka same shi, ta hannun wani ɗan'uwanmu da ya bi sawu. Ya isa rijiya ta biyar lafiya lau. Ya yi sallama, ya cika jarkokinsa, suka yi masa tayin shayi ya ce alhamdu lillahi, ya hau keke. Sun gan shi yana duba takarda, sai suka ɗauka ya san hanya. Rijiya ta shida kuwa rairayi ya binne ta tun da daɗewa. An haƙa sabuwa tafiyar rabin yini gabas da ita, kuma babu wanda bai san da wannan ba a wurin shayin nan. Sun same shi a daidai inda na rubuta. Ya kafa tanti, ya tona rami da hannu har zurfinsa ya kai ƙugu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Babura sun cinye bakin Roxy, rumfarsa ta zama ta mai sayar da waya. Baƙin matafiya masu keke da kan tsaya ya yi musu faci sun daina zuwa, don hanyar da ya bi ta lalace, ko direbobin manyan motoci da addu'a suke shigarta. Na san zai yi tsaki ya ga matasa na bin taswirar waya ido rufe. Ni dai ba na iya yi musu tsaki. Abin da suke yi da waya, shi na yi da rula.

Shekarun nan duka na bar Hajara a kan cewa ƙaddara ce kawai. Ƙaddara ce, ban musa ba, amma da hannuna ta biyo, kuma tsoro ya hana ni faɗa. Watan jiya Balkisa ta same ni a rumfar atamfata a kasuwar Treichville. Shekararta ashirin, a kan keken ubanta ta zo, ita ta gyara shi da kanta.

"Tonton," ta ce, wato baffa, "ina son littafin Papa." Littafin rijiyoyin take nufi. "In hanya ta yi kyau wata rana, zan je in ga kabarinsa."

Na ce ya ɓace. Ƙarya na yi mata, yana cikin akwatina tun ranar da aka sauke keken. Ta dube ni da idon ubanta, ta yi mini sai anjima. Tun daga ranar abinci bai yi mini daɗi ba. In na ba ta shi yadda yake, na miƙa mata abin da ya kashe mahaifinta. In na gyara, sai na faɗi dalili, kuma wataƙila ita da uwarta ba za su ƙara kallona kamar da ba.

Me ya rage na Yaya Isuhu? Keke, da 'ya mai taurin kai irin nasa. Sai abu guda da ɗan'uwanmu ya faɗa mini, na daɗe ina gudun tuna shi: makiyayan sun tara duwatsu a kan kabarin, kuma in baƙo ya tambaye su ruwa, sukan ce masa in ya ga kabarin mai keke ya juya gabas.

Jiya na fito da littafin. A ƙarƙashin kowace rijiya na rubuta maganar Baba, sau bakwai, ban rage harafi ba. Ran Juma'a zan kai wa Balkisa shi tare da wannan labari da na rubuta, in zauna a gaban uwarta in ji abin da za su ce. A gurbin alamar rijiya ta shida na soke abin da na rubuta da, na sa sunan wana.