Ranar da Aka Nemi Inna Ta Faɗi Sunana

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da hakan ke nufi. Uwarka ba ta kiran sunanka, ba ta kallonka ido cikin ido. In ta kama dole ta yi maka magana, sai ta yi wa bango ko akuyar da ke ɗaure a tsakar gida, kai kuma ka tsinci naka a ciki. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Geceme, can na girma, can na shiga lakkwal, wato makarantar boko. Babana ya rasu tun ina ƙarami. Inna kuwa tana Dogon Dutsi tana sana'ar wake, in zancena ya taso sai ta ce "ɗan tsohuwa", kamar wani baƙo ne da aka taɓa ba ta labarinsa.

Kada wani ya ɗauka Inna mace ce mai sanyi. Direbobin manyan motoci tsoronta suke ji. Na taɓa ganin ta sa an sauke lodi kakaf a tsakiyar rana saboda buhu ɗaya ya jiƙe, tana faɗa ana jin ta har bakin tasha. Amma ina yin sallama a ƙofar rumfarta sai ta ja mayafi, muryar ta mutu, ta shiga tsintar tsakuwa a cikin waken da aka riga aka tsince. Shekarar da na ci jarrabawar shiga jami'a ta sa aka yanka rago. Da maƙwabta suka zo barka ta ce ita ba ta san da wata jarrabawa ba, ragon ne ya cika ɓarna.

Karatu ya kai ni wata ƙasa a arewacin Afirka, wani gari a bakin teku. A can ɗalibi baƙo ba ya zama sai da takardar zama, kuma duk shekara sai an sabunta ta. Cikin abin da ake nema har da shaidar wani a gida da ya ɗauki nauyinka. Kawuna, yayan Inna, shi ke sa mini hannu tun farko, to a shekarata ta ƙarshe ya ajiye aiki, aka ce shaidarsa ba ta da ƙarfi kuma. Sai Inna. Ƙanwata, wadda ke koyarwa a lakkwal kuma ta iya Faransanci, ita ta kai ta ofis a Dogon Dutsi ta dangwala yatsa, aka aiko mini. Na ɗauka an gama.

Matar da ke duba takardun ɗalibai baƙi, wadda dukanmu ke kira Madam, ta daɗe a kujerar nan, ta ji ƙarya kala-kala. Ta dubi takardar, ta dube ni ta saman tabarau.

"Sunanka da na wannan matar ba su haɗu ko ta ina ba," in ji ta.

Na ce mata a wurinmu mace ba ta ɗaukar sunan miji, na ubanta take riƙewa. Ta ce ta sani, amma a bana an kama yara da yawa da suka yi hayar iyaye. Abu mai sauƙi ne, in kira ta ta bidiyo, ta ce ni ɗanta ne, ta faɗi cikakken sunana da bakinta, shi ke nan.

Abu mai sauƙi! Takardata ta kusa mutuwa, in ta mutu babu sabuwa, ba zan zauna jarrabawar ƙarshe ba, sai dai in tattara kayana in koma gida hannu rabbana bayan duk shekarun nan na sanyi da cin taliya. Duk da haka na zaro salula na kira ƙanwata.

Suna rumfa. Ƙanwata ta gaisa da Madam da Faransanci mai kyau har na ji daɗi, sannan ta juya salular ga Inna. Inna ta gaida Madam da fara'a, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi ruwa ko sun samu. Sai Madam ta jawo ni kusa da ita don fuskata ta fito. Inna tana hango ni ta kau da kai, sai kunnenta kawai muke gani da gefen kallabi.

"Ki tambaye ta ko ta san wannan yaron," in ji Madam.

Ƙanwata ta fassara. Inna ta ce wa buhun da ke gefenta, "Ɗan tsohuwa na."

Ƙanwata ta yi ta maza ta ce, "Ta ce ɗanta ne."

"To ta faɗi sunansa."

"Inna, tac ce ki hwaɗi sunanai."

"In hwaɗi mi?"

"Sunanai, Inna. Sunan Yaya."

"Ke ba ki san shi ba? Hwaɗa mata mana. Mi anka kai ki lakkwal yi?"

Madam ba ta jin Hausa, amma ta iya karanta fuska. Abin da ta gani shi ne mace ta ƙi kallon yaron da aka ce nata ne, an tambaye ta sunansa tana ta kewaye-kewaye da mai fassara. Ni kaina da a kujerarta nake, da na ce hayar wannan uwa aka yi, kuma ba a biya ta da kyau ba. Kafin a yi wani abu wani mai sayen wake ya iso, Inna ta miƙe da sauri kamar an cece ta daga rijiya, muka ji muryarta ta dawo garau tana ciniki.

Madam ta rufe takarduna. Na shiga yi mata bayanin kunyar ɗan fari da Faransancina da ya fara watsewa. Na ce al'ada ce, na ce girmamawa ce, na ce ko kakata haka ta yi wa kawuna. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "A nan uwa tana kiran sunan ɗanta na fari har maƙwabta su gaji. Na ji labarai da yawa a ɗakin nan, naka dai sabo ne." Duk da haka ta ba ni wata rana, ta ƙarshe kafin takardar ta mutu, ta ce in matar ta faɗa to, in ba ta faɗa ba kada in ɓata mata lokaci.

Na fito raina a ɓace. Ina da zuciya, kowa ya sani, kuma ranar ta tashi sosai. Na kira ƙanwata ina tafe ina faɗa a titi, Larabawa na kauce mini. Ita kuwa dariya take yi har da tari.

"Dariya kika yi? Korata za a yi!"

"Yi haƙuri Yaya, wallahi da ka ga yadda tat tashi wajen mai wake..."

"Ki hwaɗa mata suna na, ba zagi na ba. Ita tar raɗa mini shi ko ba ita ba?"

"Kai ka hwaɗa mata. Ga ta nan."

Nan ne abin ya fi ba ni haushi, don kunyar ba a gefe ɗaya take ba. Ni ma ban taɓa yi wa Inna magana mai tsawo ba, daga gaisuwa sai in sunkuyar da kai. Duk faɗan da na shirya ya narke, na ce, "Ki dai gaishe ta."

Kwanakin da suka biyo baya saƙonni suka yi ta zuwa ta bakin ƙanwata. Inna ta ce a tambayi Madam ko tana cin wake, a aika mata buhu. Na ce wannan hanyar gidan kaso ce. Ta ce to a kira limamin unguwa ya yi shaida, ai shi ya san komai. Na ce ba liman ya dangwala yatsa ba. Ta ce wata ƙanwarta ta zauna a madadinta tunda suna kama, na ce Madam ta riga ta ga fuskarta, ko ba komai ta ga kunnenta. Daga nan ta tambaya ko mutanen ƙasar nan ba su da ƴaƴan fari ne, ko kunyar ce ba a kai musu ba. Ƙanena ɗan kasuwa, mai ɗagaggen wando, ya je ya yi mata wa'azi cewa wannan al'ada ce kawai, ba ta cikin addini. Ta bar shi ya gama, ta aike shi ya ɗauko mata ma'auni a gida.

Ni kuwa na daina barci mai kyau. Na fara kallon akwatina ina lissafin abin da zan bar wa abokan ɗaki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ba ƙi na take yi ba, ita ce ta ɗauki nauyin karatun nan tun ranar farko, kawu hannu kawai yake sawa. Ga shi za ta rushe shi da kanta saboda kalma biyu.

Ranar ta zo. Na kira, ƙanwata ta ɗauka, sai ga Inna zaune a kan kujera a tsakar gida, ba a rumfa ba. Ta sha atamfa sabuwa da ɗaurin kallabi irin na zuwa biki, har da kwalli. Ta gaida Madam, sannan ta dubi ƙanwata ta ce, "Hwaɗa ma matag ga ta hidda shi waje."

Ƙanwata ta fassara. Madam ta ɗaga gira, ta dube ni, ta dubi salular, sai ta nuna mini ƙofa da biro. Salulata, takarduna, uwata, amma ni aka kora.

Na zauna a benci tare da wasu ɗalibai masu jiran layi. Na ɗauka abin ba zai wuce faɗin suna ba a kira ni. Shiru. Wanda ke bayana a layi ya fara tsaki yana duba agogo. Can na jiyo dariyar Madam, matar da shekara da shekaru ban taɓa ganin haƙorinta ba. Na lallaɓa zan kara kunne a ƙofa, mai gadi ya yi gyaran murya, na koma na zauna kamar ƙaiƙayi ne ya tashe ni. Muryar Inna nake ji sama-sama, irin ta kasuwa, tana zuba ba tsayawa, ƙanwata na bin ta da fassara da kyar.

Da aka buɗe ƙofa an riga an kashe kiran. Madam ta ce, "Naɗe hannun rigarka na hagu."

Na naɗe. Akwai tabo a gwiwar hannuna, na faɗowa daga amalanken jaki a Geceme ina ɗan aji biyu. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta jawo hatimi ta buga.

"Ta ce ƙashin ya goce, wani tsoho ya ɗora maka, ka cije shi a yatsa," in ji ta. "Ta ce ta zo garin a satin, wai sayen wake, alhali ba lokacin wake ba ne. Ta ce ba ka cin kuɓewa, kana tsoron tsawa, kuma zuciyarka ta ubanka ce. Ban tambaye ta ko ɗaya ba."

Na tuna zuwan nan nata. Ta kwana biyu a ɗakin kakata, ba ta ko leƙo inda nake kwance ba, ni kuwa na yi kuka a ɓoye don na ɗauka waken ya fi ni.

Na ce, "Sunan fa? Ta faɗa?"

"Ta faɗa, tiryan-tiryan. Har da wani da ba ya cikin fasfo ɗinka, wanda ta ce ita kaɗai ke kiran ka da shi a ranta."

"Wanne?"

"Ta ce kada in gaya maka." Ta miƙo mini takarduna, ta ɗaga murya ta kira na gaba.

Na fito da izinin zama na shekara guda a hannu, na tsaya a bakin titi na rasa ta ina zan bi. Murna nake yi, kishi kuma na cina. Wata Balarabiya da ba ta san hanyar Dogon Dutsi ba ta ji abin da ni ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na share ido da hannun rigar da ban ko warware ba, na kira ƙanwata.

"Wane suna na?" na ce, ko gaisuwa babu.

"Yaya, rufa mini asiri. Tac ce in na hwaɗi sai ta tsine mini."

"To ba ni ita in yi godiya."

Na ji ta ce, "Inna, ga Yaya." Na ji motsin tabarma, na ji takun tafiya yana nisa. Daga can nesa, wajen madafa, muryar Inna ta taso tana yi wa wani magana, wataƙila akuya.

"Ku ce ma ɗan tsohuwa shi riƙa cin abinci. Dut ya rame, wuyanai kamar na zabo."