Layin da Kawu Litinin Ya Ce In Bari

Ina aji uku na firamare na fara jin sunan. Ƙyauren kicin ɗinmu ya ɓalle, Baba ya ce a kira mai walda, sai Mama ta ce, "Yau fa? Ka manta Kawu Litinin na can wajen surukansa?" Suka yi dariya, amma ta Mama ba ta kai ciki ba. Daga baya na gane ƙaninta take nufi, wanda mu yara muke ce wa Kawu kawai. Surukan nan kuwa 'yan sanda ne. Kowace Litinin yakan rufe shagonsa, ya je ofishinsu ya sa hannu a wani littafi.

Ga yadda abin ya samo asali. Kakanmu ya yi zaman gidan yari sau biyu saboda fasa sito. Lokacin da Kawu yake da shekara goma sha bakwai, hukuma ta fito da sabon tsari. Masana sun ce aikata laifi a jini yake, ana gadonsa kamar ciwon sukari, don haka gara a san masu shi tun kafin su taɓa kayan kowa. Aka kira duk 'ya'ya maza na waɗanda aka taɓa ɗaurewa zuwa asibiti. Mata ba a kira su ba. Mama takan ce, "Wai jinin sata ba ya bin mata. Karo na farko ke nan da raini ya amfane ni."

Kawu ya ba ni labarin gwajin da bakinsa. An ɗebi jininsa, an auna kansa da tef irin na tela. Sannan aka ɗaura masa wata na'ura a hannu, wani ya lallaɓo ta bayansa ta hagu ya saki faranti a ƙasa. Kawu bai ko motsa ba, bugun zuciyarsa bai ƙaru ba. Likita ya rubuta cewa ba ya jin tsoro, alamar haɗari ce.

"Ni da na shekara huɗu ina dukan ƙarfe?" in ji shi. "Kunnen nan na hagu ai tuni ya yi ritaya. Na gaya wa mutumin, ya ce babu gurbin kunne a takardarsa."

Aka ba shi jan kati. Tun daga ranar, ko tukunya aka sace a unguwa, shi ake fara zuwa ɗauka. Abin haushin, ƙyamaren ƙarfe da sandunan taga yake ƙerawa. In aka fasa ƙyauren da ya yi, a ce ai shi ya san lagonsa. In aka fasa na wani maƙeri, a ce yana neman ciniki ne. Sau goma sha ɗaya aka tsare shi, ban ji an taɓa kai shi gaban alƙali ba. Kofur ɗin da ke riƙe da littafin har ƙyauren gidansa Kawu ne ya yi masa.

Da matarsa ta sami ciki, mace ya yi ta roƙo, domin ɗan mai jan kati shi ma sai an gwada shi, kuma ba a cika ganin wanda ya fito da farin kati ba. Aka haifi namiji. Matar ba ta yi mako biyu ba ta rasu. Baba ne ya ɗauki jaririn ya je ofishin rajista, ya ba da sunansa a matsayin uba. Shi ne Yaya, wanda na tashi na tarar a ɗakinmu. An gaya masa gaskiya yana da shekara sha biyar. Bayan kwana uku ya tafi shagon ya zauna a kan benci. Kawu ya miƙa masa tabarau ya ce, "Sa wannan, kada ka kalli wutar." Iyakar abin da suka ce ke nan.

Yaya malamin lissafi ne yanzu. Aikin koyarwa sai da takardar shaidar cewa babu jan kati a gidanku, kuma duk shekara uku ake sabunta ta. Akwai lokacin da makarantarsu ta ba Kawu aikin tagogi. Na kai masa ruwa, na tarar da shi a kan tsani, Yaya na wucewa da alli a hannu.

"Kawu, sannu da aiki."

"Yauwa, Malam. Sandunan nan don ɓarayi ne ko don kada ɗalibanka su tsere?"

Kawu ya bi bayansa da kallo har ya shige aji. Sandar da ke hannunsa ta huce, sai da ya sake gasa ta.

Ni ce mai riƙe da littafin danginmu, wani mai baƙin bango da nake rubuta haihuwa da aure da rasuwa a ciki. Wata ranar Litinin, bayan ya dawo daga sa hannu, Kawu ya tarar da ni ina cika shi a falo. Ya karɓa, ya duba shafin Baba ya ga sunan Yaya a sama da nawa, ya gyaɗa kai. Ya juya zuwa nasa. Na riga na ɗora rula zan ja layin rufewa, kamar yadda nake yi wa wanda bai bar baya ba. Ya dafe rular da yatsansa mai tabon ƙuna.

Bara ya rasu. An daina kati na takarda, an zuba sunayen a kwamfuta, kuma wata shida masu zuwa Yaya zai sabunta takardarsa. Shafinsa a littafin danginmu na nan yadda Kawu ya bar shi.

Abin da ya ce mini ranar da ya dafe rular shi ne, "'Yar Kawu, ki bar mini layi ɗaya a nan. Kada ki rubuta kome, kada kuma ki rufe. Ranar da suka daina auna kan mutane, ki sa min shi a ƙarƙashina. Da biro fa, ba fensir ba."