Gwaggo Asibi da Igiyoyin Gidan Jira

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga Maris, 1976, cikin watan Maulidi, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Asibi Ladan, mai Gidan Jira a nan Kontagora. An yi mata sutura bayan azahar. Ni Barakatu, matar ɗan yayanta, ni ce nake wannan rubutu, kwana goma sha biyu da rasuwarta.

Gwaggo, masu zuwa gaisuwa suna cewa Talatar nan ta juya mini rayuwa. Ba ita ba ce. Ranar da ta juya ni tana baya da shekara uku, ina da wata biyu a ɗakin miji. Ina zaune a gindin mangwaro da ɗan littafin hikaya irin waɗanda maigidana yake sayo mini, ina karantawa da ƙarfi ni kaɗai, miyata tana can tana ƙonewa ban sani ba. Kika yi sallama sau uku ban ji ba. Kika shigo, kika sauke tukunyar, kika tsaya a kaina har na kai ƙarshen shafi. Na zaci faɗa za ki yi.

Kika ce, "To amarya, sai yaya? Ya same ta ko bai same ta ba?"

Na rufe fuska da littafin. Kika ce, "Zan yi magana da mijinki. Ina da mutum bakwai a gida, ba su da abin saurare sai ciwonsu."

Don wanda ba ɗan garin nan ba, bari in faɗi abin da Gidan Jira yake. Gwaggo ta yi shekara goma sha tara tana aikin jinya. Ta ga yadda ake ba mai ciwon daji takarda a ce ya tafi babban asibiti a Ibadan, shi kuwa ko Makwa bai taɓa zuwa ba, balle ya san yadda ake shiga jirgin ƙasa. Sai ya naɗe takardar ya cusa a aljihu, ya koma ƙauye ya kwanta. Da ta ajiye aiki, ta share ɗakuna huɗu a gidanta na bayan tasha, ta ce duk mai irin wannan takarda ya sauka, Musulmi ne, Kirista ne, ko mai bin addinin kakanninsa. A nan zai jira mota, a nan zai huta in ya dawo. Masu hatsi suna aiko dawa, matan zumunta na coci suna kawo doya da sabulu ranar Lahadi, direbobin Makwa kuwa sun san kujerar gaba ta mutanen Gwaggo ce. Wani ya taɓa sa buhun albasa a wurin, ta bi shi har gindin mota tana kiran sunan uwarsa, suka rabu ana dariya, ya sauke buhun.

Ni na zo gidan da zuciya irin ta littafi. A hikayoyina, mara lafiya 'yar sarki ce mai kwanciya a kan kilisai, ana yi mata fifita, tana ramewa cikin kyau. Ranar farko da na sa ƙafa a ɗakin mata, warin gyambo ya doke ni, na fito da gudu na durƙusa a bayan randa. A nan kika same ni, Gwaggo. Kin ɗauko kujera 'yar tsugunne kika ajiye a bakin ƙofa, inda iska take kaɗawa, kika ce daga nan ma murya tana kaiwa. Shekara uku a kan kujerar nan nake karatu, daga la'asar zuwa kusan magariba. Na ɗauka girmamawa ce. Yanzu ban san sunan da zan ba ta ba.

Wadda take wuce ni ta shiga ciki da tasa da tsumma ita ce Marta, da muke kira Maman Luka. Bakambariya ce daga Auna. Ta kawo mijinta jinya, ya rasu a gidan, ita kuwa ba ta koma ba. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Amma in ta taɓa gyambo, mai shi ba ya kuka.

An ce ba a kawo ƙorafi wurin makoki. Ki gafarce ni, Gwaggo, ba ni da wani wurin da zan kai nawa. Na yi kishin Maman Luka tun makon farko, kuma har yanzu da nake riƙe da alƙalamin nan bai sake ni ba. Ni kike kira 'yata a gaban mutane, ni kike saya wa ɗankwali da sallah. Amma da ita kike cin tuwo a kwano ɗaya. Da ita kike juya harshe zuwa Kambarci ku yi ta dariya, ina zaune kamar baƙuwar da ta zo ɗiban wuta. In kin kalle ta kawai ta san abin da kike so. Ni sai kin yi mini bayani sau biyu, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Sai maganar igiya. Duk wanda ya dawo daga Ibadan yakan zo da kati mai ranar komawa a rubuce. Mutumin ƙauye ba shi da kalanda, amma ba ya manta ranar kasuwarsa. Sai ki karanta katin, ki lissafa, ki ɗauko igiyar rama ki ƙulla ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli kasuwa ɗaya. Duk ranar kasuwa ya kwance ɗaya, in sun ƙare ya taso. Katin kuwa yana nan cikin gwangwani a ɗakinki, kada ruwa ko gara su ci. Na daɗe ina roƙon ki bar ni in ƙulla, domin aiki ne da Maman Luka ba za ta iya ba. Wata rana kin tafi raka mara lafiya tasha, kika ce in sallami Baba Audi, wani manomi daga can bayan Rijau mai kumburi a wuya. Katinsa ya ce ya koma bayan mako takwas. Na ƙulla takwas, na ƙawata bakin igiyar da jan zare, ina jin kaina.

Bayan wata ɗaya da kwana biyu sai ga Baba Audi a ƙofa, tsakiyar damina, da igiyarsa a miƙe ba ƙulli ko ɗaya. Ashe a wajensu kasuwa kwana huɗu-huɗu take ci. Ya bar gonarsa ciyawa ta taso, ya yi tafiyar yini biyu, ya iso saura kusan wata guda. Da aka yi masa bayani ya dube ni ya ce, "'Yar nan, karatun ne bai kai kasuwarmu ba?" Duk tsakar gida aka yi dariya, har shi. Kika riƙe shi a gidan har ranarsa ta yi, kika aika wa Malam Filibus mai wa'azi a yankinsu, ya tara matasa suka nome masa gonar. Ni ba ki tsawata mini ba. Cewa kika yi, "Daga yau in ba na nan, ke ki karanta, Marta ta tambayi kasuwa ta ƙulla." Da kin mare ni da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya da nake taƙama da shi a gidan, shi ma sai da aka raba shi da ita.

Bara kika fara ramewa. Kika ce tsufa ne. Kika koma yafa babban mayafi ko da zafi, kika ce sanyin ƙashi. Kika yi tafiya Ibadan ba a lokacin da kika saba ba, kika ce rakiya ce. Na yarda da duka, domin ni mai yarda da labari ce. Ko da kika kwanta a makonni biyun ƙarshe, aka ce mini zazzaɓi ne. Kika sa aka matso da kujerata bakin ƙofar ɗakinki, ina karanta miki labarin wani falke da ya tafi neman matarsa a ƙasar da ba a dawowa. Saura shafi tara muka tsaya.

Ranar Talata, da tsofaffi suka zo wanka, suka ce a samu ta gida ta zuba ruwa. Maman Luka ba addininku ɗaya ba, sai ta tsaya a waje. Aka kira ni. Tun ranar da na gudu bayan randa, karon farko ke nan da na tsallake bakin ƙofa, ita ta zauna a kujerata. Da aka yaye mayafin, na ga ƙirjinki a naɗe da farin ƙyalle, wankakke, an ɗaure shi a gefe. Na san ƙullin nan. Shekara biyu ina kallon yatsun Maman Luka suna yin sa a jikin igiya. Abin da ke ƙarƙashin ƙyallen ba zan rubuta ba, sirrinki ne. Abin da zan faɗa shi ne ban gudu ba, Gwaggo. Na zuba ruwan har aka gama. Kuma ina zubawa, ina jin kunyar Allah, domin abin da ya cika mini ƙirji ba baƙin ciki kaɗai ba ne. Cewa nake a raina, ita ta sani, ni ban sani ba.

Bayan sadakar uku na same ta a madafa tana tankaɗe. Ko gaisuwa ban yi ba.

Na ce, "Maman Luka, tun yaushe?"

Ta ce, "Wata tara."

"Wata tara kina wuce ni da tasa, kina ce mini sannu da karatu?"

Ta ajiye rariya. "Ita ta hana. Ta ce amarya labarin zuciyarta a fuska yake. In ta sani, muryarta za ta karye, duk gidan su gane, kowa ya tattara tabarmarsa ya ce in mai gidan ma ba ta tsira ba, mu me muke jira." Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani kati da ya yi laushi don riƙo. "Ungo. Nata ne. Tun da ta dawo nake ɓoye da shi, ban san me ya ce ba. Karanta mini."

Na karanta. Sunanki ne, da sunan ciwon. Wurin da ake rubuta ranar komawa babu komai.

Ta ce, "Shi ya sa ba ta ce in ƙulla mata ba." Ta ɗauki rariyarta. "Ke kina ganin ke kaɗai ce mai haushi? In kika fara karatu, sai ta riƙe mini hannu ta ce, Marta daina motsa ruwan nan, ina so in ji. Ni da nake wanke ta, ni ce mai surutu."

Na so maganar nan ta wanke mini zuciya, kamar yadda ake yi a ƙarshen littafi, a rungume juna a yi kuka. Ba ta wanke ba. Hujjarki mai kyau ce, Gwaggo, amma kin yanke mini hukunci da abin da na yi rana ɗaya a bayan randa, ba ki sake gwada ni ba. Ita kin ba ta ciwonki, ni kin ba ni kunnenki. Har gobe ina ganin nata rabon ya fi.

Ga kuma abin da ke gabana. An ba mu sabuwar jiha, an ce maigidana yana cikin akawunan da za su koma Minna, motar kaya za ta zo farkon Afrilu. Kin san yadda na ƙawata Minna a raina: gida mai lantarki, kantin littattafai, jirgi yana wucewa ina kallo ta taga. Na riga na ɗaure kwanukana. Amma jiya na buɗe gwangwanin ɗakinki, na tarar da kati goma sha ɗaya. Mutum goma sha ɗaya suna can Mashegu da Zugurma da bayan Rijau, ba su ji rasuwarki ba, suna kwance ƙulli duk ranar kasuwa. Za su zo, za su tafi, za su dawo da sababbin katuna. Maman Luka ta san kasuwar kowa, ba ta iya karanta kati ba. Ni na iya kati, kasuwa ta taɓa kayar da ni. Maigidana ya ga na daɗe a kan gwangwanin, ya ce, "Gwaggona ce kafin ta zama taki. Duk wanda kika zaɓa, na amince, Minna ba Makka ba ce."

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Asibi. Ka sa ciwon da ta ɓoye ya zama kaffara, Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata shi fiye da yadda ta yalwata gidanta ga bayinKa. Duk ƙullin da ta ƙulla don wani ya rayu, Ka kwance mata ƙunci da shi ranar hisabi. Ka yafe mata, ni ma Ka yafe mini abin da ke raina. Ina miƙa ta'aziyya ga yayanta, surukina Malam Ladan ƙarami, da dukan zuriyarsu, da ƙanwarta Inna Fure, da direbobin tashar Makwa, da matan zumunta, da marasa lafiyar da suke kwance a ɗakunan nan huɗu. Ina miƙa ta kuma ga Marta, Maman Luka, wadda ta fi ni cancantar a yi mata. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Yau da safe na kwance kwanukana. Na ɗauke kujerar daga bakin ƙofa na shigar da ita ciki, na ce wa Maman Luka gobe ta koya mini riƙon tasa. Ta ce in zo kafin in karya kumallo.

Ba zan bi motar Minna ba. Ina nan a Gidan Jira.