Hular Baba a Ƙasa

Ranar wata Asabar ce bayan sallar la'asar, a gidanmu da ke Arkilla. Akwai ni, da Baba, da Inna, da jikoki cike da tabarma, sai Kawu, taubashin Baba, wanda ya zo daga Wamakko da buhun shinkafar gonarsa. An kawo wuta, na fito da talabijin tsakar gida na kunna wani fim na tsohon soja da ya dawo garinsu ya tarar da abokin gabarsa na yarinta.

Baba ma tsohon soja ne, kuma ya daɗe yana shaida wa jikokinsa cewa tun da aka haife shi bayansa bai taɓa ƙasa ba, ko a kokawa ko a fagen daga. Sun yarda da wannan magana fiye da yadda suka yarda da malaman makarantarsu.

Tun farkon fim ɗin ya fara gyara. Sarawar ba daidai ba, riƙon bindigar ma haka. Da ya ga yadda jarumin ya ɗora hula, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko tasa ta soja, ya karkata ta a kai.

"Ga yadda ake sa ta. Wanga ɗan wasa na, ba soja ba."

Can sai aka nuno yarintar jarumin, inda wani yaro ya maka shi da ƙasa.

"To, nan dai sun faɗi gaskiya," in ji Kawu. "Bawana, ka tuna bakin gulbi?"

"Wa ab bawanka? Ci shinkafarka ka yi shiru."

"Yara, ni nan na kada kakanku. Har yashi ya ci."

Tsakanin taubasai babu maganar da ta yi nauyi, kuma ba a fushi. Amma jikokin sun daina kallon talabijin, sun koma kallon Baba. Ya miƙe ya tuɓe babbar riga. Kawu ma ya miƙe, da taimakon bango. Inna ta ce su ji tsoron Allah, sannan ta janye kwanoni don a sami fili. Ni kuma na tsayar da fim ɗin.

Suka kama juna. Ban ga wanda ya motsa wani ba. Abin da na gani ya fi kama da dattawa biyu da kowanne ke hana ɗan'uwansa faɗuwa, ana ta nishi. Can sai goshin Kawu ya ture hular Baba, ta faɗi.

Soja ba ya barin hularsa a ƙasa. Baba bai yi tunani ba, ya saki Kawu, ya sa gwiwa da hannu a ƙasa ya ɗauke ta. A kokawa kuwa, gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kaye.

Kawu ya ɗaga hannuwa sama, ya zagaya tsakar gida yana rangaji.

"Ba kaye ba na," in ji Baba. "Hula niɗ ɗauka."

"Ɗan jarida, kai ka gani da idonka," Kawu ya ce da ni, don aikina ke nan. "Ka faɗa musu."

Na ce abin da na gani shi ne gwiwa ɗaya da hannu ɗaya a ƙasa, ban san niyyar mai su ba.

Ba mu ƙarasa fim ɗin ba. Tun daga ranar, idan Baba ya fara labarin bajintarsa, jikokin kan tambaye shi ko kafin zuwan Kawu ne ko bayansa.