Ranar da na ɓuya bayan tudun rairayi

Wata Laraba ce bayan Babbar Salla, shekarar da haƙorana na gaba sunka faɗi, Kawu Ummaru ya loda mu a bayan motarsa ta ɗaukar gishiri tun da asuba, a can Tawa ta ƙasar Nijar. Ƙanen Inna ne, can yake zaune, mu kuwa daga Ƙofar Atiku munka tahi ganinsa. Ya rantse ba mu komawa Sakkwato sai mun ga inda ƙasa ta ƙare, rairayi ya soma. An shimfiɗa tabarma, an rataye salkar ruwa, an ƙunsa dabino da cuku. Inna ta zauna, ta ɗora ƙanwata Ladi bisa cinya, ta lulluɓe ta da gefen mayafi. Ni kuwa can gindin buhunan gishiri na raɓe, inda ƙarfen mota ke dukan baya.

Ni ce ɗiyar fari, kuma a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa gaban mutane, ba ta yi masa wasa, kunya ce. Ɗakin Kaka nike kwana, ita ke yi mini kitso, ita ta koya mini surfe da tankaɗe. In Inna na son in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Wata ba ta ga randar nan ta ƙafe ba?" Amma Ladi, Ladi dai, Ladi kullum. Ko 'yar carafke muke yi a zaure, sunanta kaɗai ke ƙetaro katanga.

Munka yi ta tahiya, gero ya ƙare, ƙaya ta ƙare, har tsuntsu ya ƙare. Munka wuce raƙuma jere da juna, da Buzaye masu rawani baƙi, ido kawai ke waje. Duk abin da anka gani, Inna ta ɗaga haɓar Ladi ta nuna mata. Ni ba raƙuman nike kallo ba, hannun nan nike kallo.

Da rana ta take, munka tsaya a wata rijiya mai zurfin da sai sa ke jan guganta, ya yi nisa kamar zai ɓace kafin ruwa ya hau. Wata tsohuwa mai shayar da awaki ta gaishe da Inna, ta nuna mu ta ce duka nata ne? Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Wannan dai. Waccan ta kakarta ce." Tsohuwar ta yi dariya don ta gane, Kawu ma ya yi. Ni ban yi ba.

Sai na sulale. Na hau tudun rairayin da ke bayan rijiyar, yana cin tafin ƙafata kamar garwashi, na gangara ta ɗaya gefen na tsuguna. A raina na ce, a ƙasar da ba surukai, ba maƙwabta, ba kowa sai iska, in na ɓata dole ta kira ni. Na kasa kunne. Na ji Kawu: "Hauwa'u! Ke Hauwa'u, 'yar nema!" Na ji yaron mota. Har tsohuwar nan ta ari sunana tana jefawa. Can sai muryar Inna ta taso, tana rawa, irin rawar da ban taɓa ji ba: "Ladi, kira ta! Ɗaga murya, kira ta mana!"

Ƙishirwa ta fito da ni. Kawu ya ja kunnena ya ce in na sake zai bar ni Buzaye su saye ni da cuku. Inna ba ta dube ni ba. Ta tsiyayo ruwa a ƙoƙo, rabi na zubewa bisa rairayi, ta miƙa wa Ladi ta ce, "Kai can." Na sha. Da munka juyo da la'asar, Ladi ta yi barci bisa cinyar, ni na koma gindin buhuna.

Yanzu jikata da ke aure a Sama Road, gaban uban mijinta take ɗaga ɗiyarta ta fari, tana kiran sunanta tana sumbatar ta, ba mai cewa uffan. Nikan ce mata, "Ke dai ba ki da ta ido." Ta yi dariya, ta zaci faɗa nike. Ba ta san cewa ɗiyar tata nike wa kallon da na yi wa Ladi ba. Inna ta so ni, na sani, na ga ruwan da ya zube. Amma har ta koma ga Allah, ban ji yadda sunana yake a bakinta ba.