Danshin Rawanin Ustaz

Ni mai wanki da guga ne a Omdurman, kuma danshi shi ne rabin sana'ata. Ba jiƙewa ba ce, ba bushewa ba: ɗan sanyin nan ne da tafin hannu ke ji a jikin yadi bayan an yayyafa masa ruwa an naɗe shi. In babu shi, dutsen guga ba ya kwantar da jallabiya. A da, in na ji kalmar, ƙasar gonar audugar da mahaifina ya yi wa aiki a Jazira nake tunawa. Yanzu ba ita ba.

Zamanin soja ne, ranar da mutane suka fito kan tsadar burodi. Bayan azahar maƙwabcina, malamin firamare da muke kira Ustaz, ya faɗo shagona, idanunsa jawur. Ashe a can kan titi ya jiƙa rawaninsa ya toshe hanci da shi saboda barkonon tsohuwa, yadda masu zanga-zanga ke yi.

"Kawu, cusa mini wannan cikin kayanka," in ji shi.

Na cusa. Ya fita ta baya.

Ban gama riga ɗaya ba jami'an tsaro biyu suka shigo cikin farin kaya. Babbansu ya zura hannu cikin tulin kayan guga, yana lalube a hankali, har ya zaro rawanin.

"Alhaji, wannan fa? Me ya sa yake da danshi?"

Amsar tana bakina. Duk kayan da ke jiran guga haka suke, ga kwanon yayyafi a gabana. Bai ko shinshina rawanin ba. Amma ya zuba mini ido.

"Ba ni na yayyafa masa ba," na ce.

"To wa?"

Ban kira suna ba. Da haɓa na nuna ƙofar gidan Ustaz. Na daɗe ina ruɗin kaina cewa wannan ba faɗa ba ne.

Wata huɗu ya yi a hannunsu. Ya dawo a rame, yatsunsa na dama ba sa riƙe alli. Bai san ni ne ba, ko ya sani ya yi shiru. Duk Alhamis yana kawo mini kaya, ya ce, "Kawu, a yayyafa sosai." Ina karɓa. Har yau ban faɗa masa ba. Allah Ya yafe mini.